Ranar da Iya ta sa niƙabi

Ni ce auta a ɗakinmu, kuma kowa ya san bakin auta ba shi da linzami. Har bayan na yi aure ina kwanciya a cinyar Iya, in ci goronta, in yi mata musu. Shi kuwa Yaya Munzali, ɗan farinta, tun da nake ban taɓa jin ta kama sunansa ba. "Wancan" take ce masa. In ya zo ƙauyenmu Gidan Kabo, gaba kaɗan da Babban Mutum, a bakin ƙofar ɗakinta yake tsugunawa, ya sunkuyar da kai ya gaishe ta. Ita kuma ta juya fuska bango, ta ba shi "lafiya lau" guda biyu, shi ke nan an gama. Sai ya miƙe ya juya baya take ɗago kai, ta bi ƙeyarsa da kallo har ya shige zaure. Na sha kama ta tana yi, in na yi dariya ta jefe ni da mafici.

Tun da aka yaye shi aka kai shi Mashi wurin kakarmu ta wajen uwa, can ya tashi. Yana da wani tabo a saman goshi, daidai inda hula take rufewa. Yana ɗan shekara bakwai jaki ya yar da shi a kan dutsen bakin rijiya. Sau ɗaya ya taɓa ba ni labarin, ya ce kwana uku ya yi zaune a ƙofar gida da tsumma ɗaure a kai, yana duban hanya ko Iya za ta zo. Ba ta zo ba, ba ta kuma aiko ba. Yana murmushi ya faɗa mini, amma ni ban ga abin murmushi ba.

Ya yi karatun jinya, ya ƙware a kan ido, yana aiki a Daura. Ni kuma koyarwa ce ta kai ni can. Shi ya ja ni cikin Ƙungiyar Hannu Da Yawa, wadda Alhaji Mainasara makanike yake shugabanta. Dokar ƙungiyar ɗaya ce: kowa ya zo da abin da hannunsa ya iya. Asabar ɗin farko ta kowane wata sai mu cika a-kori-kurar Alhaji mu nufi wani ƙauye. Alhaji ya kwance famfon tuƙa-tuƙa ya gyara, malamin dabbobi ya bi turaku, tela ya kafa kekensa a gindin bishiya ya yi ta ɗinke kayan 'yan makaranta. Yaya ya duba idanu. Waɗanda ya samu da yana a ido sai ya ba su kati, in babban likitan da ƙungiya take gayyatowa daga Kano ya zo a cire musu. Aikina shi ne tsare layin mata da riƙe allon gwaji. Babu baƙaƙe a allon, wata alama ce mai haƙora uku kamar manjagara, mutum ya nuna da hannu inda haƙoran suka fuskanta. Alhaji ya ce ya zaɓe ni ne don muryata tana kaiwa ƙarshen layi ba sai da lasifika ba.

Idon da Yaya ya leƙa a ƙasar Daura ba ya ƙirguwa. Daga Mai'adua har bakin iyaka, tsofaffi suna sa masa albarka. Na mahaifiyarsa ne kaɗai bai taɓa gani ba.

A hutun damina na shekarar 2004 na je gida. Muna zaune a tsakar gida da hantsi, sai na ji Iya ta ce, "Sannu da zuwa, ƙaraso mana." Na waiga ban ga kowa ba. Turmi ne a bakin zaure, an shanya zane a kansa. Na ƙyalƙyale da dariya har da buga cinya, sai kuma dariyar ta tsaya mini a wuya. Na zuba mata ido kwana biyu. Da yatsu take tsintar wake, ba ta ko duban faifan. In za ta zuba koko sai ta sa ɗan yatsa a bakin kofi tukun.

Na ce, "Iya, idonki."

"Me ya sami idona? Tsufa ne."

"Ba tsufa ba ne, wallahi. Irinsa muke gani kullum. Ki bari Yaya ya duba ki."

"Ke! Kama bakinki. Wancan ne zai zo ya tsura mini ido, ni ma in tsura masa? A gidan wa aka taɓa yi?"

"To a kai ki wurin wani."

"Ba inda za ni. Abin da na gani a duniya ya ishe ni."

Na kawo mata wa'azin da malaminmu na Islamiyya ya yi, cewa wannan kunyar al'ada ce, addini bai ce uwa ta guji ɗanta ba. Ta ce Allah ya ƙara wa malam ilimi, amma ba shi ya haifa ba.

Da na koma Daura ban ko ajiye jaka ba na wuce gidan Yaya. Na zazzage masa komai, har da turmin. Ya murza hularsa a gwiwa, ya ce, "Na sani. Tun bara na ga tana laluben takalmi da ƙafa."

"Ka sani, ka yi shiru? Kai da kake bin ƙauyukan mutane kana roƙon tsofaffinsu su buɗe ido?"

"Safiyatu, in ce mata me? Ni da ban taɓa wuce gaisuwa da ita ba."

Haushi ya kama ni, tausayi kuma ya fi haushin yawa. Mutum mai shekara arba'in da shida, da furfura a gemu, ya zauna a gabana kamar yaron da aka hana shiga ɗaki. Ya ce mini yanar ido in ta daɗe takan ɓata idon gaba ɗaya, lokacin da cirewa ba za ta yi amfani ba. Bai san ko nawa ya rage mata ba, tunda bai gani ba.

Sai na koma kan Alhaji Mainasara. Ya ce ƙauyuka bakwai ne a gabanmu, kowa da ranarsa. Na je garejinsa ranar Litinin, na koma Laraba, na koma Alhamis na zauna a kan tsohuwar taya na ce ba zan tashi ba. Ya fito daga ƙarƙashin mota, ya share hannu, ya ce, "Malama, na yarda, na yarda! Ki tashi kada ki kore mini masu kawo gyara."

Asabar ɗin farko ta watan da ya biyo muka sauka a firamaren Gidan Kabo. Tun da aka ƙaddamar da shari'a layi biyu muke yi, maza ta ƙofar gabas, mata ta yamma, da labule a tsakiyar aji. Garin kaf ya fito, ɗansu ne ya zo. Iya ta aiko da ƙwarya uku cike da dambu da fura mai sanyi, amma ita ko ƙeyarta. Na riƙe allo har azahar ina leƙen taga. Da aka tashi salla na miƙa wa matar tela allon, na nufi gida ina huci.

Na same ta zaune a kan tabarma tana jan carbi. Ban san sa'ad da na fara faɗa ba. Na ce mata an ɗauko asibiti an kawo mata har ƙofar gida. Na ce nan da baɗi sai an riƙe mata sanda zuwa banɗaki, kuma ni ba zan riƙe ba. Ƙarya nake, ita ma ta sani. Da faɗan ya ƙare sai kuka ya zo, na zauna a ƙasa na yi abina.

Muna haka Lubna, matar ɗan maƙwabcinmu, ta leƙo ta mayar da rariya. Ita ce ta fara sa niƙabi a garinmu, tsofaffi suna ta yi mata tsiya wai ta zama dodo. Ta gaishe mu ta fita. Iya ta bi baƙin inuwarta da ido, ta daɗe, sannan ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Wannan abin da yaran nan suke rufe fuska da shi. In mutum ya sa, ana gane shi?"

Na share hawaye da sauri. "Ina! Ko uwar da ta haife shi ba ta gane shi."

"Je ki aro mini."

Allah ya yafe mini ƙaryar da na yi a ranar. Wa zai kasa gane Iya a Gidan Kabo? Tafiyarta kaɗai ta isa, tana ɗan jan ƙafar hagu, ga carbinta ja da kowa ya sani. Na riƙo hannunta muka ratsa gari, ita cikin baƙin hijabin Lubna da ya yi mata yawa har yana share ƙasa. Da muka isa layin mata wata tsohuwa ta buɗe baki, "A'a, yau kuma Iy..." sai ta kusa da ita ta zungure ta da gwiwar hannu. Nan take kowa ya gane abin da ake ciki. Matan nan, masu surutun da ba ya ƙarewa, suka dare suka ba mu hanya, kowace ta sami abin kallo a wani wuri. Wata ma har ta ce, "Sannu, baƙuwa." Na ɗauki kati na rubuta mata suna Amatullah, wato baiwar Allah.

Yaya yana wanke hannu sa'ad da na zaunar da ita a kan benci, bakin hijabin ya ɗan ɗage. Ya juyo, ya dubi ƙasa kamar yadda ya saba, sai ya tsaya cak da tawul a hannu. Bai daɗe ba. Ya ajiye tawul ɗin, ya karɓi kati ya karanta, ya ce, "Sannu da zuwa, baiwar Allah."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi magana ba, kada murya ta tona ta.

Na ɗaga allo daga ƙarshen aji. Babbar manjagarar ta sama, wadda makaho ma yake cewa ya ga alamarta, Iya ba ta gan ta ba. Na matso rabin aji, ba ta gani ba. Na matso har ina iya taɓa ta, sannan ta ɗaga hannu ta nuna gabas, alhali haƙoran sama suke kallo.

Yaya ya cire hula ya ajiye a kan tebur, don in zai leƙa cikin ido da 'yar fitilarsa sai goshinsa ya kusa taɓa na mutum. Ya durƙusa a gabanta. Ya sa babban yatsa ya ɗaga fatar idonta a hankali.

"Baiwar Allah, ki kalle ni. Kada ki kalli ƙasa. Ni za ki kalla."

Ta ɗago. Ni dai na juya na kama gyaran allon da ba abin da ya same shi. Ya daɗe a kan idon dama, ya daɗe a kan na hagu, fiye da yadda yake daɗewa a kan kowa. Da ya miƙe sai ya yi magana da ni, ba da ita ba. "Yanar ido ce, duka biyun, ta nuna sosai. Amma bayanta lafiya lau, idon yana amsa haske. In an cire za ta gani, in sha Allahu. Likita zai zo nan da mako biyar. Kada a wuce wannan zuwan."

A gida ta cire niƙabin ta ninke, ta zauna a bakin gado tana haki kamar ta yi daka.

"Ya gane ni?"

"Haba Iya, ta yaya?"

Na ɗauka za ta ce to an duba, magana ta ƙare. Sai na ga hawaye yana bin kuncinta, abin da ban gani ba ko ranar da Baba ya rasu.

"Safiya, na kalle shi. Shekara arba'in da shida ina ɗauke kai. Yau na buɗe idona duka na kalle shi, yana nan dab da ni har ina jin numfashinsa, ban ga komai ba. Haske kawai, da inuwa." Ta share fuska da gefen zane. "Yaushe ya ce likitan zai zo?"

A hanyar komawa Daura ni da Yaya muna bayan a-kori-kura, a tsakanin keken tela da akwatin kayan aikin Alhaji. Na daure har muka wuce Babban Mutum, sannan na ce, "Baƙuwar nan ta ɗazu, mai niƙabi..."

"Niƙabi ba ya kaiwa ƙafa," in ji shi, yana kallon gonaki. "Ɗan yatsan ƙafarta ta hagu da taɓarya ta faɗa wa, farcen bai sake fitowa daidai ba. Ni abin da na sani a jikinta ke nan. Kada ki gaya mata."

Bayan mako biyar Amatullah ta zo Daura da niƙabinta, ta sauka a gidana. Ranar aiki Yaya ya nemi a bar shi a ɓangaren maza, aka bar shi. Aka yi mata idon dama, na hagu sai zuwa na gaba. Aka fito da ita da auduga da filasta a rabin fuska, aka kwantar da ita a ɗakin mata tare da tsofaffi goma sha ɗaya.

Abin da ban yi tunani ba shi ne washegari. Cire bandeji aikin Yaya ne, maza da mata, shi kaɗai. Da safe muka jiyo muryarsa daga gadon farko. Kun san yadda ɗakin nan yake zama in an fara buɗe idanu. Wannan ta yi kabbara, waccan ta kama hannun jikarta tana cewa ashe haka kika girma, wata kuma ta dubi zanenta ta ce wa ya saya mata wannan mummunan abu. Yana ta matsowa gado bayan gado. Na lalubo niƙabin daga jaka.

"Iya, ga shi. In ɗaura miki daga ƙasa, ko in ce a kira wani?"

Ta karɓa, ta shafa shi, ta cusa shi ƙarƙashin matashi. "Bar shi."

Ya iso. Ya ga fuskarta a buɗe, ya ɗan tsaya, sannan ya ɗauki katin da ke ƙafar gado ya duba kamar bai san abin da ke ciki ba. Ya cire hula ya miƙo mini. Ya sunkuya ya ɓanɓare filastar kaɗan-kaɗan, ya ɗauke audugar, ya goge gefen idon da ruwan magani.

"Buɗe a hankali, baiwar Allah. Hasken zai dame ki da farko." Ya ɗaga hannu a gabanta. "Yatsu nawa kika gani?"

Ta ƙifta, ta sake ƙiftawa, ruwa yana zuba daga idon. Ba ta dubi yatsun ba. Fuskarsa ta duba, tun daga gemu, ta hau a hankali kamar mai karatun allo, har ta kai goshi. A nan ta tsaya.

"Nan ne jakin ya yar da kai?"

Hannunsa yana nan a sama, ya manta da shi. Ya gyaɗa kai.

"Ina daka aka zo da labari," in ji ta. "Uwar mijina tana tsaye a kaina. Na ci gaba da daka."

Ta ɗaga hannu, ta sa babban yatsa a kan tabon, ta shafa shi sau ɗaya, yadda ake yi wa yaro in ya faɗi.

"Sannu," ta ce. "Sannu, ka ji?"

Yaya Munzali ya durƙushe a gaban gadon nan, ya kifa goshi a kan katifa, kafaɗunsa suna girgiza. Ni kuwa da ake cewa muryata tana kaiwa ƙarshen layi, na tsaya rungume da hularsa na kasa ko tari.

Iya ta bar hannunta a kansa ɗan lokaci. Sannan ta janye, ta gyara mayafi, ta juya fuska bango kamar yadda ta saba.

"Safiya," ta ce, "ki gaya wa wancan yatsu uku ne."